Kafin Ka Sayi Zafira Ta Hannu a Birtaniya: Yadda Ake Karanta Tarihin MOT da Abin da Ba Ya Faɗa

Iyali in ya kai mutum shida ko bakwai, ƙaramar mota ta daina ɗauka. A Birtaniya kuwa babu zancen a matsa a ɗora yaro a cinya, kowa da kujerarsa da bel ɗinsa, yaron da bai kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 ba kuma sai da kujerar yara. Shi ya sa mai iyali da ke neman mota mai kujeru bakwai da kuɗi kaɗan yakan tsinci kansa gaban Vauxhall Zafira, musamman samfurin da ake kira Zafira B, wanda aka sayar daga 2005 zuwa 2014. Ita ce dai Opel Zafira da aka sani a hanyoyinmu na gida, suna ne kawai ya bambanta da kuma gefen da sitiyari yake. Tana da yawa a kasuwa, kayan gyaranta ba su da wuyar samu, kuma tana da araha. Sai dai mafi ƙuruciyarta yanzu ta haura shekara goma, don haka abin da za ka saya ba sunan mota ba ne, riƙon da masu ita suka yi mata ne. Wurin da wannan riƙo yake a rubuce, kyauta, shi ne tarihin MOT.

Mene ne MOT, kuma ina iyakarsa

MOT gwajin lafiyar mota ne na shekara-shekara, an fara shi tun 1960. A Ingila da Wales da Sikotland mota tana fara zuwa gwajin ne idan ta cika shekara uku, a Ireland ta Arewa kuma shekara huɗu. A Ingila da Wales da Sikotland hukumar DVSA ce ke sa ido a kan garejin da aka ba izinin yin sa, kuma mafi yawan abin da doka ta yarda a caje ka a kan irin wannan mota fam 54.85 ne. Tuƙi ba tare da MOT ba na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000.

Mai gwajin yana duba birki, sitiyari, taya, fitilu, gilashi, bel, sifirin da shokozoba, tsatsar ƙarƙashin mota da kuma hayaƙi. Ba ya kwance komai, ko taya ba ya cirewa. Kuma lafiyar inji da kuloci da giyabos ba sa cikin gwajin. Riƙe wannan da kyau, domin a Zafira nan ne manyan kuɗi suke tafiya. Mota na iya cin gwaji da safe, giyabos ɗinta ya watse da yamma, kuma mai gwajin bai yi laifin komai ba. Takardar tana cewa ne a ranar nan, a sa'ar nan, motar ta kai mafi ƙarancin ma'aunin hawa titi. Dillalin da ya ce maka "tana da MOT na shekara guda cur" bai gaya maka wani abu mai nauyi ba tukuna.

Mataki na farko: samo tarihin tun kana gida

Kada ka hau jirgin ƙasa zuwa wani gari don ganin mota kafin ka karanta tarihinta. Lambar motar kaɗai kake buƙata. Shiga shafin gwamnati na gov.uk, nemi sashen da ake kira "check MOT history", ka rubuta lambar. In mai talla ya rufe lambar a hoto, tambaye shi. In ya ƙi bayarwa, ka huta da tafiya.

Shafin zai nuna maka kamfani da samfuri da launi da irin man da take sha da ranar da aka fara yi mata rajista, sannan ya jero gwaje-gwajen da aka yi tun 2005, wato duk rayuwar Zafira B tana ciki. Kafin ka gangara, haɗa waɗannan na sama da abin da ke cikin talla. Launi ya dace? An ce fetur, shafin ya ce dizal? Lambar ma kanta tana faɗin shekara: lambobi biyun tsakiya, 08 na nufin rajista tsakanin Maris da Agusta 2008, 58 kuma daga Satumba 2008 zuwa Fabrairu 2009, 60 daga Satumba 2010.

Garejin da aka yi kowane gwaji ba ya fitowa sai an saka lamba mai alƙaluma 11 da ke jikin takardar mallaka, wato V5C. Wannan sai ka je wurin mai motar. Yana da amfani, domin motar da ta yi shekaru a Sikotland ko bakin teku ta fi shan gishiri, na titi da ake watsawa lokacin sanyi da na iska, gishiri kuma shi ne abincin tsatsa.

Mataki na biyu: fara daga ƙasa, ka bi mil

Shafin yana sa sabon gwaji a sama. Kai ka gangara can ƙasa ka fara da mafi tsufa, da biro da takarda. Rubuta shekara da adadin mil na kowane gwaji, ka riƙa cire na baya daga na gaba.

Motar gida takan ci wajen mil dubu bakwai zuwa dubu goma a shekara. Ba adadin ne abin dubawa ba, tafiyarsa ce. A ce ka ga 41,000, sai 50,000, sai 58,000, sai 67,000: wannan tafiya ce mai hankali. In kuwa ka ga 96,000 a wata shekara, shekara ta gaba 61,000, ko dai an juya mita, ko an canza ta, ko mai gwaji ya yi kuskuren rubutu. Kuskuren rubutu yana da sauƙin ganewa, domin shekara ɗaya ce takan kauce sannan lissafi ya koma kan hanyarsa. Juyin mita kuwa sabon lissafi yake farawa daga ƙasa. Masu wayo sukan rage mita kafin kowane gwaji, ta yadda lissafin ba zai taɓa komawa baya ba. Irin waɗannan sai jikin mota ya tona su: mita ta ce 60,000 amma robar fedar birki ta siɗe har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi santsi yana ƙyalli, gefen kujerar direba ya lotsa.

Akwai abu biyu da ke rikita masu karatu. Na ɗaya, giɓi. Motocin da gwajinsu ya faɗo tsakanin 30 ga Maris da 31 ga Yuli 2020 an ƙara musu wata shida saboda korona, don haka tazarar wata goma sha takwas a wannan lokaci ba abin zargi ba ce. Giɓin shekara biyu a wani lokaci dabam kuwa yana son bayani: an ajiye ta ne, ta yi hatsari ne, ko injin ne ya tsaya? Motar da ta daɗe a ajiye birkinta kan cije, tayoyinta su tsattsage.

Na biyu, gwaji sau biyu a shekara. Zafira da Ford Galaxy sun yi aikin tasi sosai a Birtaniya, kuma a Landan motocin haya da suka wuce shekara ɗaya ana yi musu MOT kowane wata shida. In ka ga gwaji yana zuwa bayan wata shida-shida, ga mil dubu talatin ko arba'in a shekara, tsohuwar tasi ce ko da an ce maka "mace ɗaya ce ta riƙe ta, makaranta kawai take kai yara". Tsohuwar tasi ba lallai ta zama mummuna ba, wasu sun fi motar gida samun juyen baƙin mai a kan lokaci, amma farashinta ba ɗaya ba ne da na motar gida.

Ƙarancin mil ma ba kullum ne alheri ba. Dizal da ke cin mil dubu uku a shekara, daga gida zuwa makaranta zuwa kanti, ta fi ba da tsoro a kan wadda ke bin babbar hanya kullum. Dalilin yana tafe.

Mataki na uku: karanta laifuffukan kamar labari

Tun 20 ga Mayu 2018 aka kasa laifuffuka gida uku. "Dangerous" shi ne mai hatsari, mota ta faɗi kuma ba a tuƙa ta sai an gyara. Wanda aka kama yana tuƙa irinta na iya fuskantar tarar da ta kai fam 2,500 da maki uku a lasisinsa. "Major" babban laifi ne, shi ma faɗuwa ce. "Minor" ƙaramin laifi ne, mota ta wuce amma a gyara. Bayan waɗannan akwai "advisory", wato shawarar mai gwaji a kan abin da ya fara lalacewa amma bai kai ga kayar da mota ba.

Sabon mai saye yakan ga jan rubutun faɗuwa ya tsorata, ya ga jerin kore ya saki jiki. Wannan kuskure ne. Faɗuwa a kan ƙwan fitila ko robar waifa, aka gyara aka wuce a ranar, ba komai ba ce. Shawarwarin su ne wurin karatu, kuma tambayar da za ka riƙa yi wa kowace ita ce: shekara mai zuwa ta ɓace ko tana nan?

Ɗauki misali. A ce a 2019 an rubuta cewa bututun birki na baya ya ɗan yi tsatsa. A 2020 an maimaita. A 2021 an sake maimaitawa, an ƙara da faifan birki na gaba ya ci. A 2022 mota ta faɗi a kan bututun nan, aka gyara ta wuce, faifan kuma yana nan a shawara. Wannan mai mota ne da ba ya taɓa aljihu sai doka ta shaƙe shi. Wanda ya bar birki shekara uku, kana ganin ya canza bel ɗin taimin da babu mai tilasta masa? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Akasin haka, mai motar da aka ba shawara a kan taya biyu bana, baɗi babu zancensu, aka ambaci bushin baɗi, shekara ta gaba ya ɓace, wannan motarsa ake nema, ko da ta taɓa faɗuwa sau biyu.

Tarihin da ya cika tsabta shi ma a dube shi da ido biyu. Mota mai shekara goma sha uku da mil 130,000, a ce ba a taɓa rubuta mata ko shawara ɗaya ba? Ko dai ana kai ta sabis kafin kowane gwaji, in haka ne rasit zai nuna, ko kuma mai gwajin aboki ne. Haka nan idan doguwar jerin shawarwari ta shekaru ta ɓace gaba ɗaya a gwajin ƙarshe, wanda aka yi sati ɗaya kafin a sa motar a kasuwa, ka ce a nuna maka rasit ɗin gyaran. Babu rasit, to ka durƙusa ka duba da idonka.

Ga yadda nauyin laifuffukan yake a irin wannan mota.

Tsatsa ce sarauniya. Dokar gwajin ta ce rubewar ƙarfe cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure sifirin ko sitiyari ko bel tana kayar da mota. In ka ga kalmar "corroded" tare da "subframe" ko "sill" ko "prescribed area", ana maganar ƙashin motar ne. Walda tana toshe rami, ba ta hana tsatsa ci gaba, kuma bana gefen hagu, baɗi gefen dama. A motar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, wannan kaɗai ya isa ka juya. Akwai wata shawara da ke cewa bututun birki ya yi tsatsa ko an lulluɓe shi da giris. Ma'anarta mai gwajin bai iya ganin ƙarfen ba. Wani lokaci kariya ce aka shafa, wani lokaci ɓoyo ne.

Sifirin da ya karye, bushin da ya tsage, boljoyin da ya yi wasa, ƙananan sandunan da ke ƙwanƙwasa a kan gargada: duk waɗannan abincin yau da gobe ne ga motar da ke ɗaukar mutum bakwai tana hawa tudun rage gudu. Ba sa hana saye. Abin lura shi ne ko an canza su bibbiyu, hagu da dama tare, kamar yadda ya kamata.

Taya: doka tana son zurfin zane milimita 1.6 a kashi uku cikin huɗu na tsakiyar taya, zagaye gaba ɗaya. Shawarar da ke cewa taya ta cinye ta gefen ciki, in ta maimaitu shekara bayan shekara, ba matsalar taya ba ce, saitin ƙafa ne ya kauce, ko bushin ya mutu, ko motar ta taɓa bugun da ya karkatar da ita. Takalmin birki kuwa yana faɗuwa in ya gaza milimita 1.5.

Yoyon mai: "oil leak, but not excessive" tana fitowa a tsofaffin motoci da yawa. Sai ka gano daga ina yake.

Hayaƙi da fitilar inji: faɗuwa a kan hayaƙi a motar dizal, musamman in ta faru fiye da sau ɗaya, gargaɗi ne babba. Tun 2018 motar da ke da matatar toka a salansa, wadda ake kira DPF, tana faɗuwa in aka ga hayaƙi kowane launi yana fita, ko aka ga alamar an yanke matatar an fasa cikinta. Wanda ya sayi motar da aka cire wa DPF shi zai biya kuɗin sabuwa.

Shawara biyu kuma suna gaya maka abin da ba a duba ba: wadda ke cewa an ɗaure kujerar yara don haka ba a iya duba bel sosai ba, da wadda ke cewa murfin ƙarƙashin inji ya rufe wasu sassa. Waɗannan wuraren aikinka ne.

Mataki na huɗu: zancen gobara

Zafira B tana da tarihin da ba a tsallakewa. Bayan motoci da dama sun kama wuta ta bayan dashbod, Vauxhall ya kira sama da 230,000 domin gyara a ƙarshen 2015, ya sake kiran su a 2016, aka kuma yin wani kiran a 2019. Kwamitin sufuri na majalisar dokokin Birtaniya ya soki kamfanin a 2017 a kan jinkirin da ya yi. Tushen matsalar yana wajen fankar hita da ɗan na'urar da ke rage mata gudu, wadda ke da fis da ya kamata ya yanke wuta in zafi ya yi yawa.

Duba lambar motar a sashen kiran motoci na gov.uk, sannan ka kira dilan Vauxhall da lambar shasi mai alƙaluma 17 ka tambaya ko an yi duka gyare-gyaren. Gyaran kyauta ne. In ka shiga motar, murɗa makunnin fanka a hankali: ɗaya, biyu, uku, huɗu, kana sauraron iska a kowane mataki. Fankar da ba ta motsi sai a huɗu, na'urar nan ce ta ƙone. Sa hannu ka taɓa kafet ɗin gefen fasinja na gaba, in da danshi ruwa yana shiga kusa da fankar. Ƙaurin roba kuwa, kashe ka fito.

Mataki na biyar: abin da MOT bai taɓa ba

Je ka ga motar da safe, ka roƙi kada a tayar da ita kafin ka iso. Ɗora hannu a kan bonet. In da ɗumi, an riga an ɗumama ta, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye ƙarar da mai sanyi zai fallasa.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun inji da ABS da jakar iska dole su kama duka, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an kashe ta ne da gangan. Danna hon da maɓallan jikin sitiyari, domin na'urar da ke bayan sitiyarin wannan mota takan yi tangarɗa, hon da ba ya kuka kuma faɗuwar MOT ce.

Injin fetur na 1.6 da 1.8 su ne mafi sauƙin hali. Na 1.6 yana nishi in an cika motar, na 1.8 ya fi dacewa da nauyinta. Buɗe tankin ruwan lagireto inji na sanyi: in ka ga baƙin mai yana yawo a sama ko wani kauri mai launin kunun gyaɗa, robobin na'urar sanyaya mai sun saki, ciwon da aka san waɗannan injina da shi. Saurari sakan biyar na farko bayan tashi. Ƙara irin ta dizal daga saman injin fetur alama ce giyoyin taimin sun gaji. Injin da ke rawa yana tsallake wuta kuma yawanci koyil ne, gyara mai sauƙi. Na 2.2 fetur yana da famfon mai mai tsada da ke yawan ba da matsala, ba ma ba mai ƙaramin aljihu shawarar sa.

Dizal na 1.9 yana da ƙarfi da tsimin mai, amma yana son doguwar hanya. Matatar DPF tana tara toka, kuma ba ta ƙone ta sai salansa ya yi zafi sosai a tafiya mai nisa. In kullum gajeriyar tafiya ce, ƙonawar takan katse a tsakiya, matatar ta toshe, dizal ɗin da bai ƙone ba ya gangara cikin baƙin mai. Zaro sandar awon mai: in mai ya haura alamar sama yana warin dizal, abin da ke faruwa ke nan. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani sashen hayaƙi cikin inji, shi ma yakan toshe da baƙin toka, mota ta rasa ƙarfi. Famfon ruwan wannan inji bel ɗin taimin ne ke juya shi, in ya cije sai ya tafi da bel ɗin, injin ya lalace. Don haka tambayar ba "an canza bel?" kaɗai ba ce, "an canza shi tare da famfon ruwa, yaushe, ina rasit?" ce. Kowace Zafira B mai bel ta isa a ce an canza mata aƙalla sau ɗaya ko don shekaru. Babu shaida, cire kuɗin aikin daga farashi ka yi shi a satin farko.

Sai giyabos mai giya shida da ake kira M32, wanda ke jikin masu dizal da manyan injinan fetur. Boris ɗinsa yana ci. Gwajinsa: hau babbar hanya, kashe rediyo, sa giya ta shida a gudun wajen mil 50 zuwa 60 a awa. Ɗora yatsu biyu a kan sandar giya, taka totur, saki, sake takawa. Sandar da ke sunkuyawa gaba tana dawowa baya tare da ƙafarka, ga wani siririn kuka da ke tashi a giya ta biyar da ta shida, boris ya fara tafiya. Gwada haka a giya ta ɗaya ma. In an kama shi da wuri ana canza boris ɗin, in aka bari yakan fasa kaskon giyabos ɗin.

Kuloci: a giya ta huɗu ko ta biyar kana tafiya a hankali, taka totur har ƙasa. Allurar inji ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci yana zamewa. A dizal, ƙarar kacau-kacau a tsaye da ke sauyawa in ka taka kuloci, ko girgiza lokacin kashe inji, fulawil ne, kuma shi da kuloci tare ake canza su, aiki mai cin kuɗi. Samfurin da ake kira Easytronic, mai canza giya da kansa, a bar shi sai in ka san makanikin da ya iya shi.

Kada ka manta da abin da ya kawo ka, kujerun baya. Tura bencin tsakiya gaba, ɗago kujeru biyun nan daga ƙasan but ɗaya bayan ɗaya, ka ji sun kulle da ƙara. Ja kowane bel har ƙarshensa, duba ko ya yage, fizge shi ka ga ya riƙe, sa shi a bakinsa ka ji ya kama. Kujerun da aka shekara ba a ɗaga ba sukan cije, bel ɗinsu ya yi fumfuna. Ka kuma sani in an ɗaga kujeru bakwai but ɗin lita 140 kacal yake ragewa, keken jariri ma da ƙyar. Mai yara uku da duk ke buƙatar kujerar yara ya zo da kujerun ya gwada, domin bencin tsakiyar Zafira matsattse ne. Ford Galaxy da Volkswagen Sharan suna da kujeru uku rarrabe a tsakiya, kuma sun fi faɗi. Leƙa ƙarƙashin bayan motar ka ga ko safaya tana cikin kejinta, domin a waje take rataye kuma ɓarayi sun san da haka. Kana durƙushen, karanta alƙaluma huɗun ƙarshe na lambar DOT a gefen kowace taya: 2319 na nufin an ƙera tayar a sati na 23 na 2019. Tsabar kuɗi ta 20p kuma in ka cusa ta a zanen taya ka ga bakin zobenta a waje, tayar ta kusa ƙarewa.

Mataki na shida: lissafin gari da takardu

Inda kake zaune na iya yanke hukunci tsakanin fetur da dizal tun kafin ka duba inji. Tun 29 ga Agusta 2023 yankin taƙaita hayaƙin mota da ake kira ULEZ ya mamaye dukan unguwannin Landan, kuma motar da ba ta cika ma'aunin hayaƙi ba tana biyan fam 12.50 kowace ranar da ta motsa. Ma'aunin shi ne Euro 4 ga fetur, Euro 6 ga dizal. Babu Zafira B ta dizal da ta kai Euro 6, masu fetur kuwa sun cika. Birmingham ma tana cajin fam 8 a tsakiyar gari da ma'auni iri ɗaya. Saka lambar motar a shafin TfL, hukumar sufurin Landan, ka tabbatar kafin ka yi ciniki.

Tarihin MOT ba ya faɗin ko akwai bashi a kan mota, ko sata ce, ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin lalacewa. Wannan sai binciken tarihin mota da ake biya, irin na kamfanin HPI. A motocin da inshora ta yanke wa wannan hukunci, rukunin S na nufin ƙashin motar ya taɓu aka gyara, N kuma lalacewar ba ta kai ƙashi ba. Kafin Oktoba 2017 haruffan C da D ake amfani da su. Haɗa lambar shasi ta jikin V5C da wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofa, kuma in mutum ne ke sayarwa ba dila ba, a ga motar a adireshin da ke kan takardar, ba a filin ajiye motoci na kanti ba. Saye daga dila yana da kariyar dokar masu saye ta 2015, wadda ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota mai aibi. Saye daga mutum kuwa iyakar haƙƙinka motar ta zama yadda ya siffanta ta, don haka ka ɗauki hoton tallar ka ajiye. Akwai kamfanonin da ke tura injiniya ya duba mota kafin saye in ka biya.

Mai tunanin ya saya ya tura gida ya dakata: motar Birtaniya sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuma ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972 kuma ba ta yarda da shigo da irin waɗannan ba. Opel Zafira da ke shigowa ta Kwatano daga Beljiyam da Jamus da makwabtansu take, kuma ba ta cikin rumbun MOT. A Beljiyam takardar Car-Pass ce ke jera kilomitan mota.

In komai ya yi, mayar da shawarwarin gwajin ƙarshe su zama makamin ciniki. Kira gareji biyu ka ji kuɗin kowace, taya biyu, faifai da takalman birki, sifirin, bel ɗin taimin, ka tara ka cire daga farashi. In MOT ɗin saura wata ɗaya ko biyu, nemi mai motar ya yi sabo kafin ka biya, zai fi kyau a garejin da kai ka zaɓa. Ana iya yin gwajin wata ɗaya ban da kwana ɗaya kafin wa'adi ya cika ba tare da an rasa tsohuwar ranar ba. Ranar ɗauka kuma ka tuna harajin hanya ba ya bin mota zuwa ga sabon mai ita: karɓi koren yankin V5C na sabon mai mota, biya haraji da lambar da ke jikinsa, ka tabbatar inshorarka ta fara aiki, sannan ka tayar.